Gora Biyu a Bayan Zana

Juma'a, 3 Agusta 1956

Ya Ubangiji, ka yafe mini ƙarfin halin ɗaukar alƙalami a kan sha'anin manya. Ni Saude yarinya ce, kuma a gidanmu yarinya ba ta sa baki a maganar ikilisiya. Amma abin yana cikina, ba ni da wanda zan faɗa wa. In na rubuta ba daidai ba, kai kaɗai ka gani.

Jiya na iso hutu daga makaranta. Jirgin ƙasa zuwa Malam Madori, daga nan motar Haɗeja, wadda ta kafe a laka har muka sauka muka tura. Kogi ya cika, fadama ta zama ruwa, sai kan shinkafa ke leƙowa.

Asibitin kutare na mishan yana nan yadda na bar shi. A makaranta an hana mu cewa kutare, sai majinyata. A nan su da kansu kutare suke cewa, har suna yi mini dariya in na kauce wa kalmar.

Babban labari: Baturen mishan da ke shugabantar ikilisiyarmu zai koma ƙasarsu ƙarshen damina. Ya ce lokaci ya yi da ikilisiyarmu za ta sami dattijo nata, ɗan ƙasa, wanda zai shugabance ta. Mutum biyu aka ambata. Baba, da Umara.

Lahadi, 5 Agusta

Baba ya yi wa'azi a kan shugaba. Ya ce shugaban masu bi kamar mai shiga gaba ne a mashigin kogi, da sanda a hannu. Shi ke fara jin sanyin ruwa, shi ke fara taka rami, na baya kuwa suna kallon inda ruwa ya kai masa su san zurfi. Ya ce wanda yake so a ɗauke shi a kafaɗa a haye da shi, kaya ne, ba shugaba ba. Ya tuna mana Almasihu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa.

Na ji daɗi har kunya ta kama ni. Wa ya fi Baba cancantar faɗin wannan? Tun kafin a haife ni yake wanke miki a asibitin nan. Shi ke raba ƙwayoyin magani, shi ke gaya wa likita wanda ya isa a duba don sallama, shi ke raba gonakin shinkafa. Ban taɓa jin ya cuci kowa ba.

Umara yana can baya yana gyangyaɗi.

Talata, 7 Agusta

An binne wani tsoho yau. Ƙasa duk ruwa, sai da aka je tudun bayan ɗakin magani. Umara ne ya haƙa kabarin, an ɗaure masa fartanya a wuyan hannu da igiyar fata, don yatsunsa sun daɗe da tafiya. Umara mutumin wajen Birniwa ne. An sallame shi tuni, ya ƙi tafiya.

Da ya gan ni ya ce, “Boko, kin dawo? Turanci ya cika cikin, ko akwai sauran wurin kifi?” Na sunkuyar da kai. Kullum haka.

Gaskiya ba irin dattijon da aka koya mana ba ne. Karatunsa da ƙyar. Yana shaƙar taba. In yana addu'a sai ya manta inda ya nufa, ya koma yi wa Allah bayanin wanda ya saci kazar wa. Makon jiya, in ji Inna, ya zagi mai dafa abinci har uwa. Amma in mutum ya fara shure-shuren mutuwa, shi ake kira.

Na raka Iya Fanna ɗakinta, tsohuwar da ta goye ni ina ƙarama duk da Sista, shugabar masu jinya, ta hana. Na tambaye ta wa take gani. Ta ce, “Ke kuma, tsegumi aka koya miki a can?” Can ta ce, “Malam babanki yana wanke mana ƙafa, Allah ya saka masa. Umara kuwa da mu yake cin tuwo.”

Ban so maganar ba. Ai hana ma'aikata cin abinci da majinyata dokar asibiti ce, ba Baba ya kafa ta ba.

Alhamis, 9 Agusta

Yau na ji yadda za a yi zaɓen. Bature ba ya son ɗaga hannu, ya ce mutane za su riƙa kallon juna. Za a kafa zana a kusurwar majami'a, a ajiye gora biyu a bayanta. Mai jan ƙyalle a wuya ta Baba, marar ƙyalle ta Umara. Kowane mai baftisma za a ba shi ƙwayar wake ɗaya, ya shiga shi kaɗai ya jefa. Gorunan masu ƙaramin baki ne, don kada a leƙa a ga wadda ta fi cika.

Sai Sista ta ce, to waɗanda ba su da yatsu fa? Yaya za su saita wake a wannan ɗan bakin? Fiye da rabin ikilisiya ke nan. Wai Bature ya dafe kai, bai yi tunanin haka ba.

Baba ne ya kawo mafita. A sa wani amintacce a bayan zana, wanda za a raɗa wa, ya jefa wa mutum. Ya ce ga Saude tana hutu, ba ta aiki a asibiti, ba ta cikin masu zaɓe tunda a makaranta aka yi mata baftisma, kuma ba ta da surutu. Bature ya ce madalla.

Baba ya dawo ya ce, “Uwata, an ba ki amana.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kama shi. Na ji kamar in tashi sama.

Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Duk garin nan ba wata mai yatsu sai ke?” Baba ya yi kamar bai ji ba.

Asabar, 11 Agusta

Na wanke farar rigar makaranta, na yi mata guga. Na yi addu'a kada in yi kuskure.

Lahadi, 12 Agusta

An yi. Baba ya ci.

Litinin, 13 Agusta

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Bari in gwada.

Masu yatsu ne suka fara, ma'aikata da waɗanda cutar ba ta ci sosai ba. Su na juya musu baya, ina jin ƙarar wake kawai. Sannan sauran.

Na farko Auta ne, masunci. Ya shigo da wakensa a tafin hannu yana murmushi. Da ya gan ni murmushin ya tsaya. Ya ce, “Ashe ke ce.” Ya dubi gorunan, ya dube ni. Ya ce, “Ta Malam.” Na jefa.

Na biyu ma, ta Malam. Na uku bai ko dubi gorunan ba. Da farko murna nake yi, Allah ya sani. Ina cewa a raina, ashe haka suke ƙaunar Baba. Sai na lura ba wanda ya faɗa yana kallon idona. Wasu har da ƙari: “Ki gaida Malam.” “Ki ce masa ni ne, mai ciwon diddige.” Wani ya ce, “Yarinya, a tuna da ni ranar da likita zai zo.”

Sai ga 'Yar'azumi, matar Umara. Ta miƙo dungunta da wake a kai. Ta ce, “Ta babanki, 'yata. Allah ya ƙara masa girma.” Na raɗa mata, “Iya, ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi alkawari.” Ta ce, “Na sani. Sa dai.”

Matarsa!

Umara da kansa ya shigo yana tari. Ya ce, “Boko, sa wa babanki. Wa ya taɓa yi wa ƙeyarsa aski?” Shi kaɗai ya yi dariya a bayan zanar nan.

Iya Fanna ce kusan ƙarshe. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Kin san ni, na san ki. Sa inda kika ga ya dace.”

Na san inda take so. Ta faɗa mini ran Talata da bakinta. Na tsaya da waken a hannu, gorar Umara tana nan kusa da ƙafata. Ban san abin da ya faru ba. A'a, ƙarya nake yi, na sani. Na tuna fuskar Baba, na sa a mai jan ƙyalle. Ta ga na sa. Ta gyaɗa kai ta fita.

Da aka juye gorunan a faifai, na Baba tuli, na Umara ɗan kaɗan. Aka yi waƙar yabo. Na motsa baki.

Laraba, 15 Agusta

Kowa yana gaishe ni da ladabi yanzu. Tsofaffin da suke aikena ɗebo ruwa suna ce mini “ranki ya daɗe”. Gara zagi.

Alhamis, 16 Agusta

Na kai wa Iya Fanna kunu. Ta karɓa, ta yi godiya mai yawa, irin wadda ake yi wa baƙo. Na ce, “Iya, ran Lahadi…” Ta katse ni. “Ran Lahadi ya wuce. Ni so nake likita ya duba ni bana, in je in ga jikokina kafin in mutu. Wake ne zai hana ni?”

Na ce Baba ba zai taɓa hana ta sallama don wake ba.

Ta ce, “Haka ne. Bai taɓa ba. Amma ni zan fara gwadawa?”

A makaranta Malama ta ce mana shugaba na gari ana ƙaunarsa, mugu ana tsoronsa. Na rubuta a jarrabawa, na ci. Ba ta gaya mana abin da za a kira mutumin kirki da ake tsoro ba.

Asabar, 18 Agusta

Na yi wa Baba magana. Ban taɓa ba.

Na same shi da hantsi a bayan ɗakin magani yana dafa bandeji a tukunya. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa tashi. Ya ce, “Uwata, lafiya?” Na ce mutane sun ji nauyina a bayan zana. Na ce da wani ne ya tsaya, ban san yadda za ta kasance ba. Muryata kamar ta sauro.

Ya ci gaba da juya tukunya da sanda.

“Na ce ki sa wake inda ba a ce ki sa ba?”

Na ce a'a.

“Na tambaye ki wa ya zaɓi wa?”

A'a.

“Kin taɓa jin na hana wani magani, ko gona?”

A'a, Baba.

“To?”

Na ce, “Amma Baba, ka san za su ji tsoro.”

Na zaci zai yi faɗa. Na so ya yi faɗa, ya ce ban da kunya, ya ce bai taɓa kawo haka a ransa ba. Da na yi kuka na ba shi haƙuri, shi ke nan.

Ya ce, “Na sani.”

Sauran maganar guntu-guntu nake tunawa, don kunnena ya ɗauki ƙara. Wai Umara mutumin kirki ne, amma ranar da Bature ya tafi, wa zai tsaya gaban Hakimi a kan filin nan? Wane zaure ne za a bar kuturu ya shiga ya zauna? Wa zai karanta takardar hukumar En'e? Wai ikilisiya ƙarama ce a tsakiyar mutanen da suke haƙuri da ita kawai, kuskure ɗaya ya isa a rufe. Ya ce, “Na bar uwa da uba saboda wannan wuri. Uwata ta mutu ba ta yafe mini ba. Ba zan zuba ido a miƙa shi ga mai shaƙar taba don ya iya ba mutane dariya ba.” Ya ce makiyayi ba ya tambayar tumaki hanya.

Sannan ya ce in tafi in taya Inna aiki.

Abin da ya fi ci mini rai, wataƙila yana da gaskiya game da Hakimi. To me ya hana shi tsayawa gaban jama'a ya faɗa musu haka, su zaɓa da idonsu buɗe? Wa'azi ya fi kowa iyawa. Sai ya ga 'yarsa ta fi sauƙi. Bai sa ni ƙarya ba. Ajiye ni kawai ya yi a wurin, kamar yadda ake kafa mutum-mutumi a gonar shinkafa, da farar riga mai guga.

Lahadi, 19 Agusta

Wa'azi a kan tawali'u. Ban ji komai ba. Ina ta kallon hannuwansa, duk sun yi fari-fari saboda ruwan magani. Hannuwan gaskiya ne. Shi ne abin.

Talata, 21 Agusta

Na je gidan Bature. Tun daga gida nake shirya maganar da Turanci, jimla-jimla. Na tarar yana ɗaure akwatuna. Ya tashi ya ba ni kujera, ya ce bai taɓa ganin zaɓe mai tsabta kamar namu ba, zai ba da labarinsa a ikilisiyoyin ƙasarsu, har da yarinyar da ta zama yatsun marasa yatsu. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in yi alfahari da mahaifina.

Na ce na gode.

Ya tambaye ni ko akwai abin da ya kawo ni. Na ce sallama na zo yi.

A hanya na yi ta tunani. In na faɗa, Baba ya tozarta a gaban mutanen da ya yi wa bauta tun yana saurayi. In ban faɗa ba, na zama gora ta uku. Na zaɓi shiru, kuma ba don hikima ba. Tsoro ne, irin na Auta, irin na 'Yar'azumi. Ashe ni ma ta Malam na ce.

Juma'a, 24 Agusta

Likita ya zo daga Kano. Baba ya gabatar da Iya Fanna, an ce ta warke, za a sallame ta bayan ruwa ya janye. Ta yi guɗa. Ta zo har gida ta durƙusa wa Baba. Na san da ma zai gabatar da ita, ko ina wakenta ya faɗa. Ita ba za ta taɓa sani ba.

Lahadi, 26 Agusta

An naɗa Baba. Bature da wani fasto daga Kano suka ɗora masa hannu. Aka tambayi ikilisiya, kun yarda da shi? Suka ce mun yarda. Baba ya yi kuka, kuka na gaske, ya yi alkawarin zama bawan kowa. Umara ne ya share majami'a tun da safe, shi ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, ba a kan kari ba kamar kullum.

Da aka fito na tsaya kusa da Umara. Ya ce, “Boko, wannan fuska fa? Wa ya mutu, in ɗauko fartanya?” Na ce, “Baba Umara, ba ka ji haushi ba?” Ya shaƙi tabarsa ya yi atishawa. “Na ji mana. Ni dutse ne? Kwana biyu ban yi wa 'Yar'azumi magana ba, don ta faɗa mini abin da ta yi. Amma yunwa ta sa muka shirya.” Sai wani yaro ya zo ya ce ana kiransa ɗakin maza, wani ba ya jin daɗi. Ya tafi yana ɗingishi.

Ba wanda ya zo kiran sabon dattijo. Na ga Baba ya bi Umara da kallo.

Laraba, 29 Agusta

Ruwa tun safe. Kwaɗi sun hana kowa sakat. Ban yi addu'a ba yau, na dai durƙusa.

Juma'a, 31 Agusta

Ran Litinin zan koma makaranta.

Yau da rana, muna tsakar gida, Baba ya ce zumuntar mata ma za su zaɓi shugabarsu jibi, kafin Bature ya tafi. An ambaci Inna da 'Yar'azumi. Ya ce gorunan suna nan, zana tana nan. “Uwata, za ki sake tsaya mana, tunda kin yi da kyau wancan karon.”

Ina tankaɗe gari. Na ji bakina ya ce, “Ba zan tsaya ba, Baba.”

Ya ce, “Me kika ce?”

Na sake faɗa. Na ce a sa ƙwarya mai faɗin baki, a rufa mata ƙyalle, ko mai dungu ya iya ɗaga ƙyalle ya karkata hannu wake ya faɗa. Ba a bukatar kowa a bayan zana. Na ce in an tambaye ni dalili a gaban mata, zan faɗa. Ban san daga ina wannan ta ƙarshen ta fito ba.

Kaza tana ta tsattsagar garin da ya zube, ba wanda ya kore ta.

Baba ya ce, “Abin da aka tura ki koyo ke nan.”

Sai Inna ta yi magana daga madafa, ba ta ko leƙo ba. “Akwai ƙore biyu a ɗakina, sababbi. A ɗauka.”

Baba ya dubi ƙofar madafa, ya daɗe. Ya sa hularsa ya fita. Bai ci abincin rana ba. Da ya dawo da la'asar ya tara mu addu'a kamar kullum, ya roƙi Allah ya tsare gidansa daga girman kai. Inna ta ce amin da ƙarfi.

Ni na ci abincina, har na ƙara. Wannan ne ya ba ni tsoro. An ce mu girmama uba, kuma ina girmama shi, ina jin har yanzu ina ƙaunarsa. Na zauna na nemi nadama a zuciyata, na duba ko'ina, ban same ta ba. Wataƙila gobe.

Waken Iya Fanna kuwa ba ya fitowa daga gorar nan har abada. Wannan nawa ne, ba na Baba ba.

Ya Ubangiji, na faɗi abin da ya fi bakina. Da, in zan yi abu, Baba nake tambaya. Yau ban san wanda zan tambaya ba sai kai. In ba saɓo ba ne, ka yardar mini in sake buɗe shafin nan ran Lahadi, bayan an juye ƙoren.